Dokin da Aka Ce Ba Shi da Lafiya

Tun da na dawo daga arewa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk inda na zauna, ko a ƙofar biro, wato ofishinmu, ko a rumfar mai tsire, sai wani ya matso ya rage murya, "Isaka, kai da ka gan shi da idonka, yaya jikin Tsohon?" Na ba da amsa har bakina ya gaji. Wasu ma sun riga sun zuba wa labarin gishiri, don shekaranjiya na ji ana cewa wai allurar shanu na yi masa ya miƙe yana zagin mutane. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikaci ne a gidan likitan dabbobi na nan Tawa. Aikina bin mashaya da rugage ina yi wa shanu allurar bushiya, wadda na yi wa in huda mata kunne don kada a maimaita. Tsohon kuwa shi ne sarkin kanton, wato gundumar, da aka haife ni, can arewacin Adar. Ba zan rubuta sunansa ko na garin ba, ina da 'yan'uwa a can. Tun kafin a haife ni yake kan mulki. Kumandan bayan kumandan, masu mulkinmu na Faransa, sun zo sun tafi, Nasara sun naɗe tutarsu, mun samu 'yancin kai shekara biyar ke nan, shi yana nan inda yake. A ƙasarsa ba a haƙa rijiya, ba a buɗe rumbu, ba a ɗaura aure sai da saninsa.

Babana, Nomau, ya fi kowa sanin haka. Lokacin babban yaƙin Nasara, ina ɗan shekara tara, aka tilasta wa kowane magidanci ya zuba hatsi a rumbun gwamnati. Tsohon ya riƙa karɓar ninkin abin da aka ce, rarar tana wucewa nasa rumbunan. Ran da kumandan ya zo rangadi ya tambayi jama'a ko akwai mai kuka, kowa ya sunkuyar da kai, Baba ya miƙe. Kumandan ya saurare shi, ya gyaɗa kai, ya yi tafiyarsa. Kafin la'asar an ɗaure Baba a rana. Da aka kwance shi, Tsohon ya rantse a gaban jama'a cewa muddin yana numfashi Nomau ba zai ƙara taka ƙasarsa ba. Muka fito da jaki ɗaya da tabarma, muka bar gona da kabarin Inna, wadda ba ta cika shekara da rasuwa ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Yanzu Baba ya tsufa, ƙafa ta kumbura, ido ya rage, kuma buri ɗaya ya saura masa a duniya: ya koma gida a rufe shi kusa da Inna da ubansa. Shi ya sa tun da damina, da aka fara cewa an daina ganin Tsohon a masallacin Juma'a, Baba ya zama ɗan tasha. Kullum da hantsi sai ya dogara sanda ya je inda motocin arewa ke sauke kaya, ya tattaro jita-jita ya kawo gida ya baje mana kamar mai tallan goro. Yau an ce shanyewar jiki ce. Gobe an ce ƙarya ne, an gan shi yana yanke shari'a. Jibi an ce ya mutu tuni, ɓoyewa ake yi. Kunya nake ji, don ba kyau dattijo ya zauna jiran mutuwar wani dattijon, amma ban taɓa iya hana shi ba.

Da aka sa sunana a rangadin arewa bayan kaka, ya kira ni ɗakinsa.

"Ka gano mani gaskiya," ya ce. "In ya kusa, in sani. In ko bai kusa ba, ka nemi hanya ka hwaɗi sunana gabanai. Ba roƙo nic ce ka yi ba. Sunan kawai, ka ji mi zai ce."

Na ce to, Baba. A raina kuwa na ce ina ni ina shiga gaban Tsohon.

Mun bar Tawa da sassafe ni da Sidi direba, Buzu ne, tsohon sojan Faransa, mai ƙarancin magana da yawan taba. A bayan mota akwai akwatin ƙanƙara da maganin ke ciki, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Duk tafiyar tsere ce tsakaninmu da ƙanƙarar nan, in ta narke maganin ya zama ruwan banza. Ba mu yi nisa ba mota ta nutse a rairayi. Muka tona, muka shimfiɗa ƙarafa, ta fito, ta ɗan taɓa gaba ta sake nutsewa. Tafiyar da ya kamata mu gama kafin rana ta yi zafi, sai bayan azahar muka shiga Afala, ni da yagaggen wando.

A Afala na fara gane cewa farar rigar aikina za ta jawo mini magana. Mai furar da muka tsaya wurinta ta dube ni, ta dubi akwatin, ta ƙara mini nono ban roƙa ba. Kafin in shanye an kewaye ni. An ɗauka ni ne lokotoron, wato likitan mutane, da gwamnati ta aiko daga Yamai ya duba Tsohon. Na rantse na kuma rantsewa cewa ni na shanu ne, wani mai goro ya kashe mini ido ya ce ai ya gane, dole in ce haka. Sannan ya ba ni tasa hujjar: an ga dogarin Tsohon a kasuwa ya sayi farin alawayyo turmi guda, kuma kowa ya san abin da ake yi da farin ƙyalle. Wani tela ya ce na rawunan dogarai ne, duk shekara ana saye. Gardama ta kaure har suka manta da ni. Furar dai ta yi daɗi, ta fi tamu ta birni kauri da yaji.

Kwana uku muka yi a mashayun wajen Takanamat. Aikin ba sai na faɗa muku ba, kullum ɗaya ne. Mai shanu ɗari zai kawo maka ashirin ya rantse su ke nan, sauran suna bayan tudu kana jin kukansu. Wani Bafillace ya yarda da allura amma ya ƙi hudar kunne, ya ce saniyarsa amarya ce, ba za a ɓata mata ado ba. Ina cikin lallashinsa amaryar ta taka mini ƙafa, na yi sauran tafiyar ina ɗingishi.

Mun sauka a zangon dangin Sidi. A wurinmu in baƙo ya zo, gaisuwa biyu uku ce a kawo masa ruwa a ji abin da ke tafe da shi. A can kuwa sai an sha shayi zubi uku, kowane zubi ana jiran sa kamar ana dafa ƙafar sa. Kuma duk abin da ka tambaya amsar ɗaya ce, "alher ghas," wato alheri kaɗai. Raƙumi ya ɓata, alher ghas. Rijiya ta rufta, alher ghas. Mazan ta ƙarƙashin rawani suke cin abinci, ba ka ganin bakin kowa. Ni da na wage nawa ina kokawa da busasshen cuku, sai na ga mata na dariya a bayan hannu. Matan ne masu tanti a can, kuma ba sa jiran a ba su izinin magana.

Dattijon zangon, kawun Sidi, bai tambaye ni jikin Tsohon ba, ni na tambaye shi. Ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa kofi, sannan ya ce da Hausarsa mai nauyi shi bai san jikin kowa ba. Abin da ya sani, cikin wata biyu mutum uku sun aiko masa da sukari: babban ɗan Tsohon, da ƙanen Tsohon, da wani ɗan ɗan'uwansa mai aikin biro a Yamai.

"Shekara arba'in ba wanda ya ba ni sukari," ya ce. "Yanzu ina shan na mutum uku. Allah ya ƙara masa kwana."

Iyakar kanton namu da can bishiyar gawo ce kawai. Yanzu an gitta itace a kan ganga biyu, kamar yadda aka cika hanyoyi da shingaye tun tashin hankalin bara. Mutum huɗu ke gadi, uku da kwari da baka, ɗaya da bindigar da ban ga alamar ta taɓa tashi ba. Suka duba katin jam'iyya, suka duba takardar aiki, suka ce a buɗe akwati. Na roƙe su, na ce rana za ta kashe abin da ke ciki. Suka ce to lallai kam sai an buɗe. Mai bindigar ya zura hannu ya damƙo ƙanƙara, ya yi ihu ya yar, ya ce wuta ce. Sai da kowannensu ya taɓa ya lasa, har aka kira wani daga gona shi ma ya zo ya ga ikon Allah. Ina tsaye ina kallon rabin ƙanƙarata tana tsiyaya cikin rairayi.

Babbansu, wani mai furfura, ya ji harshena na gida ne, ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Na ce ɗan Nomau. Ya dubi hagu ya dubi dama.

"Ban jiya ba," ya ce. "Wa gare ka cikin gari?"

"Gwaggona Hajo."

"To kai ɗan Hajo na. Wuce."

Da na hau mota ya matso ya ce a hankali, "Ubanka, shina da rai?" Na ce yana nan. Ya ce tare aka yi musu kaciya.

Garin ya ƙanƙance, ko kuwa ni ne na girma. Gidanmu na nan, an sauya masa ƙofa, wata matar da ban sani ba tana sussuka a gabansa. Ban tsaya ba. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, na tarar ta tafi barkar haihuwa wani ƙauye sai yamma, don haka na ajiye kaya na fita in miƙe ƙafa. Da na zauna na jira ta, da babu wannan labarin.

Abin da na fara lura da shi, ba wanda ya tambaye ni jikin Tsohon. Tun daga Tawa ake damuna da shi, a nan garinsa kuwa ko sunansa ban ji ba. Maganar doki kawai ake yi. Mata biyu a bakin rijiya, ɗaya ta ce, "Ƙaƙa doki yak kwana?" ɗayar ta ce an ce ya sha ruwa. Gaba kaɗan wani mai jaki yana gaya wa wani cewa doki bai ci ba tun jiya, har an kira malamai sun yi masa rubutu. Na ce a raina, ikon Allah, mutanen nan sarkinsu na kwance amma dabba ce ta dame su. Har na ɗan ji daɗi, na ce yau ga garin da ya san darajar aikina.

Na isa rumfar mahauta, inda dattijai wajen goma ke hira. Na yi sallama na zauna, na ce dokin wa ake magana? Suka dubi juna. Ɗaya ya ce dokin gidan sarki mana.

"Ai kun yi sa'a," na ce. "Aikina na. Shekarunai nawa?"

Can wani ya ce, "Ya kwan biyu."

"Shina tashi da kainai?"

"Sai an tashe shi."

"Shina gane masu ba shi abinci?"

Dattijan suka kau da kai. Ni kuwa baki ya riga ya buɗe, ga farar riga, ga jama'a na saurare. Na gyara zama na yi musu bayani irin na wanda ya yi makaranta. Na ce wannan ba ciwo ba ne, tsufa ne, kuma tsufa ba shi da allura. Na ce dokin da sai an ɗaga shi, mu a wurin aikinmu ba ma ɓata masa magani. Na ce wahalar da shi kawai ake yi, a bar shi ya tafi da mutuncinsa a ɗaura wa wani sirdin, ai gida kamar wannan ba a rasa masu tasowa ba.

Ban taɓa ganin rumfa ta watse da sauri haka ba. Wani ya tuna bai yi la'asar ba, wani ya tafi ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Mahaucin ya tattare namansa ya bar ni da ƙuda.

Labarin ya riga ni isa gida. Na tarar Gwaggo ta dawo, tana tsaye tsakar gida hannu biyu a ka. Shekara ashirin da biyu ba ta gan ni ba, amma ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ɗan Nomau! Wallahi ɗan Nomau! Ubanka ya miƙe gaban kumandan, kai ka zamna gaban mahauta. Wane doki? Dawakin gidan ga lahiyassu lau, sun hi ka ƙiba!"

Ta ja ni ɗaki ta warware mini. Tun da Tsohon ya kwanta, babban ɗansa Bubakar ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya ce sarki ba shi da lafiya, fatan mutuwa ya yi masa. An yi wa mutum biyu bulala a kan haka. Amma mutane ba sa iya kame baki a kan abin da zamansu ya rataya a kai, sai suka koma cewa doki. Har dogarai doki suke cewa. Bubakar ya sani, ya ƙyale, tunda ba a gadon rawani daga doki.

Ta ce hatimi na hannun Bubakar, masu gari da yawa na bayan ƙanen Tsohon, na Yamai kuma jam'iyya ce tasa. Babu wanda ya gama shiri a cikinsu, don haka duka ukun addu'a suke Tsohon ya ƙara kwana, kuma duk baƙon da ya shigo gari kowannensu na ganin ɗan aiken ɗayan ne.

"Ga ka da hwarar riga, daga Tawa, kana cewa a ɗaura ma wani sirdi!"

Tuwon hatsi da miyar kuka ta yi mini, da man shanu, irin wanda Baba ke cewa babu kamarsa a duk Tawa. Ko loma uku ban ci ba. Sidi ya cinye nasa da nawa, ya ce ya ga an harbe mutum a kan abin da bai kai wannan ba, ya tafi duba tayar mota.

Washegari da hantsi dogari ya zo, ya kai ni gaban Bubakar.

Bubakar ya ba hamsin baya, mai sanyin murya da idon wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ya sallami kowa daga zauren ya bar ni tsugune. Ya ce wa ya aiko ni. Na ce gidan likitan dabbobi. Ya ce wa ya aiko ni rumfar mahauta. Na ce ƙafata da wautata. Ya juya tambayar ta kowace fuska, ko ƙanen ubansa ne, ko na Yamai ne, me aka yi mini alkawari. Na kwashe labari na ba shi tun daga bakin rijiya, har da daɗin da na ji an san darajar aikina. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake yi marar sauti, har da hawaye.

"Ashe wawa na kawai," ya ce. "Alhamdu lillahi. Na gaji da masu wayo."

Sannan ya ce tunda gari ya ɗauke ni lokotoro, lokotoro zan zama. Zan shiga in ga sarki, in fito ƙofar gida in ce doki ya samu sauƙi, magana ta mutu. In na ƙi, akwai takardar da zai aika Tawa a kan ma'aikacin da ke tada fitina, kuma kun san abin da irin takardar nan ke yi wa mutum a bana. Na ce na yarda, amma ina da saƙo ɗaya daga ubana. Na faɗi sunan Baba. Shi bai manta ba. Ya ce shi ne ya riƙe igiyar ran da aka ɗaure Baba.

"Hwaɗa mai," ya ce. "In ya kwance rantsuwa, ya kwance."

Mun ratsa zaure uku. Tun ina yaro nake mafarkin Tsohon, kuma kullum a mafarkin kansa na taɓa rufin ɗaki. Abin da na tarar a kan gado bai fi damin kara nauyi ba. An jingina shi da matasai, an naɗa masa rawanin da ya yi masa yawa yana zamowa kan ido. Wata tsohuwa na zaune tana kore masa ƙuda. Ɗakin na tashin turare da abin da turaren ke ɓoyewa. Na zube na yi gaisuwa, kuma na ji haushin kaina da har yanzu nake tsoronsa.

"Kumandan ya iso?" ya tambaya. Muryar ce kaɗai ba ta tsufa ba.

"Bai iso ba, ranka shi daɗe," in ji Bubakar.

"A share hanya. A cika rumbuna."

Bubakar ya yi mini alama. Baba ya ce kada in roƙa, amma na roƙa. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ɗan Nomau na. Nomau na bakin rijiya, wanda kak kora shekarar rumbuna. Shina Tawa, ya tsuhwa. Shina son shi komo gida."

Ya juyo da kai a hankali. Ya dube ni ido cikin ido har na fara jiran tsawa. Wallahi da ya daka mini tsawar da na fi jin daɗi.

"Wa?"

"Nomau."

"Nomau," ya maimaita, yana tauna sunan. "Mai kalangu?"

"A'a, ranka shi daɗe. Manomi."

"Manoma da yawa," ya ce. Ya juya wurin tsohuwar ya ce a ba shi nono. Kafin ta miƙo ƙwaryar barci ya ɗauke shi.

A zaure na biyu na sha gaban Bubakar. Na ce ya gani da idonsa, mutumin bai ma san Baba ba, to me ya saura?

"Ka ji da kunnenka, bai ce shi komo ba."

"Bai ko ce kar shi komo ba."

"Wancan ya riga ya hwaɗi, gaban jama'a, da rantsuwa. Maganar sarki, sarki ka kwance ta. Ni ban zama sarki ba tukuna. In nik kwance magana guda tashi yau, gobe ƙanen ubana shi ce na hau gado ubana na numhwashi." Ya murza idonsa. "In Allah ya ba ni, ka zo mu yi magana. In ya ba wani, ka tai wurinai."

"Yaushe ke nan?"

"Kai al lokotoro," ya ce. "Shina ci, shina sha. Kakana haka yay yi shekara bakwai."

Na fito ƙofar gida. Mutane sun taru nesa-nesa, kowa na yin kamar wani abu daban ya kawo shi. Na ce doki ya samu sauƙi, yana ci yana sha. Rabin maganar ma gaskiya ce, kuma wannan ya fi ba ni kunya. Aka ce alhamdu lillahi aka watse, ban ga fuska ɗaya da ta yarda ba.

Kafin mu tashi na je kabarin Inna, da kyar na gane shi. Gefensa har yanzu fili ne. Gwaggo ta ce duk lokacin da aka yi rasuwa ita ke aikawa a roƙi masu haƙa su tsallake wurin, amma ta ce ita ma ba yarinya ba ce, kada in daɗe.

Dawowar ba ta da labari. Ƙanƙara ta ƙare tun kafin Tebaram, muka zubar da sauran maganin, mota ta ci taya biyu. Duk inda muka tsaya an riga an san lokotoro ya shiga ya fito. A wani wuri aka ce na ba shi wata uku, a wani aka ce shekara goma, kuma duk a gabana ake faɗa, ba mai neman in gyara. Na cire farar rigar na cusa ta ƙarƙashin kujera, ya zamana da singileti na shigo Tawa.

Baba na zaune ƙofar gida da la'asar. Bai bari na wanke ƙafa ba.

"Ya kusa?"

Na ce yana ci yana sha, Baba, ana iya shekaru a haka.

Ya gyaɗa kai kamar dama ya san da wannan. "Ka hwaɗi sunan?"

"Na hwaɗi."

"Mi yac ce?"

Duk hanya ƙarya nake shiryawa. Na shirya in ce ya zabura, ya ce har gobe yana kan bakansa, don na san wannan Baba zai iya ɗauka, ya daɗe yana ɗauke da ita. Amma da na ga yadda ya karkato mini kunnensa mai ji, sai ƙaryar ta maƙale. Na faɗa masa yadda aka yi, har mai kalangun, har nonon, har amsar Bubakar.

Ina kallon hannunsa a kan sanda, na ji tausayinsa ya kama ni yadda bai taɓa kama ni ba.

"Bai san ni ba," ya ce.

"Bai san kowa ba, Baba. Nasara shika jira."

"Ni ko kullum da shi nika kwana, da shi nika tashi."

Ba da fushi ya faɗa ba, da mamaki. Sai ya tambayi lafiyar Gwaggo, ya tambayi ko rijiya na da ruwa, ya tashi ya yi alwala.

Washegari da hantsi ina shirin fita biro ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya sa rigarsa ta Juma'a.

"Isaka, in aikinka na iya jira, kama hannuna. Duk gawar da nir raka a garin ga, kaina ƙasa nika zuwa in komo, awa baƙo. Ban taɓa duba maƙabartar Tawa ba. Kai ni in gani, in san wajen da ad da inuwa."

Na sa takalmi na kama hannunsa.